Keken Katakon Da Aka Ce Ba Ni Na Saya Ba

Shekarun baya na ƙulla wani ciniki da ba a auna shi da mudu. Abu uku na zuba a ciki: ƙafafun 'yata ta fari, da lafiyar mahaifiyata a hanyar daji, da 'yar kunyar da nake taƙama da ita a gidanmu. Ni dilan hatsi ne a nan Birnin Gwari, masara da dawa nake saye a ƙauyuka ina lodawa. Tun ina ɗaukar buhu a kafaɗa har na kai ga ɗaukar shatar mota, ban taɓa shiga harkar da na rasa ta inda zan kamo ta ba sai wannan.

Yarinyar ta doshi shekara ɗaya da rabi ba ta tafiya. Tana zama, tana rarrafe in ta ga dama, bakinta kuwa ya buɗe, kajin gidan kaf sun san muryarta don ba ta da aikin da ya wuce yi musu tsawa. Amma da an tsayar da ita sai ta naɗe ƙafa ta koma ƙasa tana dariya. Sa'o'inta a unguwa har sun fara leƙa ƙofar gida.

Ni dai na ga dalili da idona. A lokacin 'yan uwanmu na wajen Dogon Dawa sun taso saboda fitinar 'yan bindiga, gidan ya cika da goggonni da 'yan mata. Ga shi yarinyar sunan mahaifiyata ta ci. Daga bayan wannan sai cinyar waccan, in ta yi ƙyas an sure ta. Matata ta fake da zuwa rigakafi ta tambayi ma'aikaciyar asibiti, aka duba ta aka ce ba a ga wata matsala ba, a riƙa ajiye ta a ƙasa ta kama abu ta miƙe, in ba a ga canji ba a dawo da ita.

To wa zai faɗa wa Inna ta sauke takwararta? Matata suruka ce. Ni kuma uban 'yar fari ne, ko sunanta ba na kamawa, "yarinyar nan" nake cewa. Ban taɓa ɗaukarta a gaban manya ba. In na buɗe baki na ce a daina goya ta, kafin la'asar labari ya zaga dangi cewa na zama marar ta-ido.

Ana cikin azumi, mun gama shan ruwa, Inna ta ce, "In aka yi babbar Sallah takwarata ba ta taka ba, ƙauyenmu zan kai ta. Akwai tsohuwar da ke haɗa saiwar wanka, ita ta tayar da ƙanenka."

Na ce, "Inna, hanyar nan fa? Mutanen can ai su ne zaune a gidan nan."

Ta ce, "Ba shawara na kawo maka ba, sanarwa ce."

Na san uwata. In ta ce za ta je, ko a bayan babur ne sai ta je, da yarinyar a goye.

Sai na koma tunani irin na kasuwa. Akwai manomin da in ya gan ka da kanka ba zai sayar maka ba, ko ya tsawwala kuɗi. Ba ka jayayya da shi, wani kake turawa. Ina da abokina mutumin Kuyello, tare muke sayen masara tun muna samari, kuma shi kaɗai ne yake tsokanar Inna ta yi dariya maimakon faɗa. Saura in samo abin da zan tura shi da shi.

Da na kai kaya Kaduna na shiga shagon kayan wasan yara, ina waige kamar wanda ya zo sayen abin sata. Mai shago ya jawo wata jar mota mai batir, ya danna ta kama kiɗa. Ya ce, "Alhaji, wannan ita 'ya'yan manya ke hawa. Yaro ko ƙafa ba zai sa a ƙasa ba."

Na ce, "Ai matsalar ke nan da ta kawo ni."

Ya nuna min wani keke mai zagaye da ake zaunar da yaro a tsakiya. Na juya shi, na ga wannan ma goyo ne, an dai sa masa taya. Ni abin da zai sa ta aiki nake nema, ba wanda zai yi mata aikin ba. Ƙwallon roba kawai na saya na fito. Da na dawo gida na je wurin wani kafinta a bayan kasuwa na ce ya yi min keken koyon tafiya, irin na katako mai taya uku da muka tashi muka gani. Ya tambaye ni tsayin yarinyar. Ina zan sani, ni da ban taɓa tsayar da ita ba? Sai na tuna na taɓa ganin ta dafa bakin turmin gidanmu ta ɗan ɗago. Na koma na auna turmi da igiyar ɗinkin buhu na kawo masa.

Da na yi wa abokina bayani sai ya ce, "Wato kai ka biya, ni in karɓi godiya?"

Na ce, "Haka."

Ya ce, "Wannan ciniki ya yi min. In akwai wani irinsa kada ka kai wa kowa."

Ranar ƙaramar Sallah bayan an sauko daga idi ya yi sallama da keke a kafaɗa. Ya ce, "Inna, barka da Sallah. Na kawo wa takwararki mota. Amma da sharaɗi, direba ba ya tuƙi a goye."

Ta ce, "Ja'iri, duk ribar masarar taku a nan ta ƙare? To Allah ya yi albarka. Ka dai fi wasu, da ko alewa ba su san ana saya wa yara ba." Ta faɗa tana kallona. Na sunkuyar da kai ina wasa da hula.

Aka sauke yarinya aka ɗora hannunta a kan keke. Ta ɗan jingina, keke ya zura da gudu, ta kife da fuska. Gida ya ɗauki salati. Kafin in ɗago Inna ta sure ta ta ɗaure a baya tamau, keke kuwa aka wurga shi bayan ɗakin girki. Abokina ya ci tuwon Sallarsa ya sulale.

Kwana biyu ina juya abin a raina. Keken bai da laifi, nauyi ne ba shi da shi. Da sassafe kafin in fita na yanko gindin wani tsohon buhu da na kawo daga shago, na zuba masara, na ɗaure a kan katakon ƙasan keken, na jingine shi kusa da turmi. Sannan na sake turo wakilina. Ya ce, "Inna, mota babu lodi ai dole ta yi gudu. Yanzu na sa an yi mata lodi."

Ta ce, "In ta sake faɗuwa da shi zan hura wuta."

Abin da ban lura da shi ba, ni da nake duba buhun mutane ina rage musu kuɗi saboda huji, buhun da na zaɓa a huje yake. Da an taɓa keken sai ƙwayar masara ta zubo, kaji su yo caa. Yarinya na bayan Inna ta hango abokan faɗanta sun taru, ta kama zillo tana ihu har Inna ta gaji ta ce, "Sauka ki je, kin karya min baya." Tana sauke ta, yarinya ta rarrafa ta kama keke ta miƙe. Ta tura, ya motsa kaɗan, masara ta zubo, kaji suka biyo, ta ƙara turawa tana yi musu tsawa.

Daga ranar aikin ke nan. In ta gaji da kaji, 'yan matan gidan su gangara mata ƙwallo ta bi. Ta sha faɗuwa, amma a kan gindi, kuma ta daina jiran a ɗaga ta. Ni kuma kullum da safe ina ƙara lodi a ɓoye. Ban ɗinke hujin ba.

Ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, na shigo da yamma na durƙusa ina gaida Inna a tsakar gida. Yarinya ta taho da kekenta, tayar gaba ta faɗa kwatar da ake zubar da ruwa ta maƙale. Ta jijjiga, ya ƙi. Sai kawai ta sake shi. Ta taho tana tangaɗi, hannuwa a sama, ta ratsa ta gaban kowa ta zo ta rungume gwiwata.

Ni kuwa na kafe, na ɗauke kai ina kallon katanga kamar yau na fara ganinta.

Inna ta ce, "To ɗauke ta mana, sai ka ce gunki. Ni zan shiga ɗaki in nemo carbina." Carbin yana hannunta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Ka ce wa abokinka na gode. Ka kuma tambaye shi yadda aka yi jan fentin da kake shafa wa buhunanka ya hau kan lodin motarsa."

Ba ta sake tayar da zancen ƙauye ba, ban sake tayar da zancen fenti ba.

Yanzu in abokan kasuwa sun tambaye ni abin da za su saya wa ƙananan yara da Sallah, ina ce musu su duba ko abin zai sa yaro ya miƙe, ya tura, ya bi, ya ɗauko. In shi zai yi komai yaro na zaune yana kallo, kai ka saya wa, ba shi ba. Keken nan ya tayar da ƙannenta duka da 'ya'yan maƙwabta, sau biyu ana canza masa taya.

Yarinyar tana sakandare yanzu, kuma har yau ta san abokina ne ya saya mata. Duk Sallah da kanta take kai masa abinci, ya karɓa ya ci, ya kira ni ya ce a ƙara gishiri baɗi. In na yi lissafi, na yi asarar masarar da kaji suka cinye, na yi asarar godiyar da har gobe wani ke karɓa. Amma uwata ba ta shiga daji ba, kuma ranar da 'yata ta fara tafiya, gida cike da mutane, wurina ta zo. Ban taɓa cin riba irin wannan ba.