Takardar Bankin da Baba Ya Bari

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, mun tarar da wata takarda a ƙasan adakarsa, naɗe cikin leda tare da takardar gona. Mai kauri ce, da ado a gefe, sunan wani banki a sama, sunan Baba a tsakiya, an rubuta hannun jari dubu arba'in. Babu wanda ya san lokacin da ya saya. Mahaifiyata ta ce ta dai tuna wata shekara da ya kai gyaɗa Kano, ya dawo yana cewa ya shiga banki, ita kuwa ta ɗauka ajiya yake nufi.

Mu uku ya bari: yayata, ni, da ƙanina. Ni ne malamin makaranta, lissafi ma nake koyarwa a sakandare a nan Daura, don haka ko shawara ba a yi ba aka miƙo mini takardar. Limamin unguwarmu, wanda zai raba gadon, ya ce gida da gona da tumaki duk ya san yadda ake yi musu kuɗi, amma wannan kam sai 'yan boko. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa yana ɗari-ɗari da abin da ya shafi banki. Ya ce in gano darajarta, duk wanda ta faɗa a rabonsa ya sayar ya huta. Na karɓa ina wani gyara zaman hula, alhali ban taɓa riƙe irinta ba tunda nake.

A ofishin malamai akwai kwalayen tsofaffin jaridu. Can wajen ƙarshen kowace jarida akwai shafi mai ƙananan rubutu, sunayen kamfanoni a jere, kowanne da farashin hannun jarinsa na ranar. Na yi mako guda ina bin shafin nan da rula a lokacin hutun tara, ina kwafe farashin bankin Baba a littafi. Wata da watanni yana nan a naira biyu da 'yan kwabbai, yau ya hau kwabo goma, gobe ya sauka biyar. Sai kawai na ga sunan bankin ya ɓace daga shafin. Gabana ya faɗi, don a lokacin ake ta haɗe bankuna, wasu suna mutuwa. Na ci gaba da buɗe jaridu. Bayan 'yan makonni sai ga sunan ya dawo, a gabansa an rubuta naira ashirin da biyu.

Na cire tabarau na goge na mayar. Na duba jarida ta gaba, haka. Ta gaba da ita, haka. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me zai sa abu ya kwana a biyu ya tashi a ashirin da biyu ba. Cewa na yi albarkar Baba ce, mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na ninka dubu arba'in da ashirin da biyu, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar kamar yadda nake sa ɗalibai su yi.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidanmu da hantsi. Liman yana nan, baffanninmu biyu suna nan, Inna da Yaya suna zaune daga bakin ƙofar ciki. Na buɗe littafina na ce takardar ta kai naira dubu ɗari takwas da tamanin. Liman ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai lissafi shi ne abincina."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in toshe kunnena.

Da aka fitar da tumunin Inna aka kasa sauran, sai kuɗin takardar ya zo kusan daidai da rabon Yaya. Mijinta ya rasu, tana zaune a Kongolam da 'ya'yanta huɗu, gonar Baba kuwa tana hanyar Zango. Ta ce, "Ni a ba ni takardar. Wa zai je ya nome mini gona a can? In sayar in sayi injin niƙa, yaran nan su samu na cefane." Liman ya tambaye ta ko ta yarda har zuciyarta. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ba ga shi ya faɗa ba?" Gona ta zama tawa da ƙanina, aka shafa fatiha.

Bayan kwana goma na ɗauki takardar zuwa Kano, wajen wani abokina da muka yi kwaleji tare, yana aiki da dillalan hannun jari. Ya karɓa ya danna kwamfuta, sannan ya ce, "Malam, dubu huɗu ne fa."

Na ce dubu arba'in dai, ga shi nan a rubuce.

Ya ce, "A takarda dubu arba'in ne. Amma bankin ya haɗe hannayen jarinsa, kowane goma sun koma ɗaya. Ba ka ga lokacin da aka dakatar da cinikinsu ba?"

Na ce na gani, har na kwafe a littafi, kuma da suka dawo farashi ya ninka goma.

Ya ce, "To ai shi ne. Ka ba da naira ɗai-ɗai guda goma an ba ka takardar naira goma guda ɗaya. Ko kwabo ba a ƙara maka ba. Farashin da ka gani na da da na yanzu ba abu ɗaya suke aunawa ba."

Ya juyo mini da kwamfutar in gani da idona. Ban ga komai ba, gumi kawai nake yi alhali fanka tana kaina. Abin da na ce wa Yaya dubu ɗari takwas da tamanin ne, dubu tamanin da takwas ne, kafin ma a cire la'ada. Na ce masa kada ya sayar, na karɓi takardar na fito ko ruwan da ya sa aka kawo mini ban sha ba.

A mota, tun daga Kano har Kazaure har gida, ba kuɗin nake tunani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wa ya ci riba da kuskuren nan. Ni ne. Ni na yi lissafin, ni na tashi da gona, mace mai marayu ta tashi da takarda. Wa zai yarda ban sani ba? Ina iya jin yadda za a faɗe shi a majalisa: ɗan boko ya yi wa 'yar uwarsa wayo da biro.

Kwana huɗu na yi ina ɓoye-ɓoye. A aji ina rubuta abu a allo ina mantawa da inda na tsaya. Shaiɗan ma ya kawo mini tasa shawarar, wai in ce farashi ne ya faɗi kafin in isa Kano, tunda kowa ya san kasuwa hawa da sauka take. Ba zan ɓoye muku ba, na juya wannan ƙaryar a raina fiye da sau ɗaya. Ana cikin haka ƙanina ya ce mini ya fara sharar gona, hadari ya soma haɗuwa. Yaya kuma ta aiko a gaya mini ta sa an kafa rumfar da za a ajiye injin a ƙofar gidanta.

Rana ta biyar bayan la'asar na samu Inna tana tsintar wake, na zauna a gefen tabarmarta na faɗa mata komai. Ba ta daina tsintar ba sai da na gama. Ta ce, "Kai ka ce mata ta ɗauki takardar?"

Na ce a'a, amma bakina ta bi.

Ta ce, "To tashi ka je Kongolam. Kada ta ji a bakin wani."

Washegari da safe na hau babur. Na tarar da Yaya a ƙarƙashin sabuwar rumfar tana yayyafa ruwa a daɓe. Ta ganni ta washe baki ta ce, "Ɗan boko, an kawo?" Na tsuguna na yi mata bayanin goma da suka koma ɗaya. Ta ajiye bokitin. Sannan ta ce, "Ranar rabo ka san da haka?"

Na ce, "Wallahi Yaya ban sani ba."

Ta ce, "Na yarda. Amma a gaban mutane ka faɗi na farko, a gabansu za ka faɗi wannan."

Haka aka yi. Aka sake shimfiɗa tabarmin nan, Liman da baffanni suka dawo, na miƙe na ce lissafina kuskure ne, na bi farashi ban bi adadi ba. Wani baffanmu ya ce, "Ikon Allah, kuma kai ke koya wa 'ya'yanmu?" Aka rushe rabon aka sake sabo, Yaya ta samu kasonta a gona, daga baya ta sayar wa ƙanina ta sayi injin, ko da yake ƙarami ne ba wanda ta so ba. Takardar kuwa ni na ce a sa ta a rabona.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In na ga farashi ya yi tsalle a tsakanin jiya da yau, sai na tambayi me ya faru a tsakani kafin in ɗauki biro. Kuma na daina jin nauyin cewa ban sani ba, ko a gaban ɗalibai.

Yaya ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa. Muna zumunci lafiya, 'ya'yanta a gidana suke hutu. Amma bara da aka ba ta sakamakon gwaji a asibiti, ta kawo mini na karanta mata, na ce babu abin damuwa. Ta yi godiya, ta ninke takardar a hankali, sannan ta miƙa wa ƙanina ta ce, "Kai ma duba mini."