Nema wa Kawu Masauki a Doha

Kawuna ya riga ni zuwa Doha da shekaru masu yawa. Ƙanin mahaifiyata ne, direba, kuma tun ina firamare a Yawuri nake jin ana cewa yana ƙasar Larabawa yana tuƙa wani attajiri. Da na sami aikin koyarwa a nan, shi ya tarye ni a filin jirgi, ya saɓa akwatina duk da furfurarsa, ya kai ni ɗakin da yake zaune da wasu ’yan Arewa a Fereej Abdel Aziz, ya dafa mini shinkafa da wake. Matarsa ta rasu a gida tun da daɗewa. Allah bai ba su haihuwa ba, shi kuma bai sake aure ba.

A lokacin ubangidansa ya riga ya rasu, sai matar, wata tsohuwa da Kawu ke kira Mama. Ko da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, ba ta sallame shi ba. Ta ci gaba da zama kafil ɗinsa, wato mai tsaya masa a takardun zama a ƙasar, shi kuma kullum sai ya je gidan ya gaishe ta, ya zauna a bakin gareji yana yi wa sabon direba gyara.

Abokan ɗakinsa ne suka fara lura. Sai ya yi alwala, ya zauna, ya tashi ya sake yi. Sai ya ɗora shayi ya fita ya bar shi a wuta. Wata rana da tsakar rana, a cikin zafin nan da ko tsuntsu ba ya tashi, wani mai gadi ɗan Arewa ya buga mini waya ya ce ga Kawu a Corniche, can bakin teku, tsaye kusa da jiragen ruwan katako, ya ƙi motsawa. Ina tafe a mota ina cewa a raina lallai kwale-kwalen Yawuri ya tuna, zuciyarsa ta koma bakin kogi. Da na isa na tarar ba haka ba ne. Ya dube ni, ya ce da Larabci maigida ya shiga jirgi da baƙinsa, ya ce a jira shi, ba zai daɗe ba.

Likita ya ce gigin tsufa ne, ga kuma ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi. Na ɗauko shi zuwa gidanmu a Madinat Khalifa. Can na fara ganin abin da har yau nake juyawa a raina. Na sha jin ana cewa mai wannan lalura yakan koma yarintarsa, ya koma harshen da ya sha a nono. Kawu bai koma can ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya, a Dohar da ya tarar yana saurayi, lokacin da babu dogayen benen nan. Da Larabci yake yi mini magana, yana kira na da sunan babban ɗan ubangidansa. Hausa sai in zai yi faɗa, ko in abinci ya yi masa daɗi. Nakan zauna kusa da shi bayan la’asar in yi ta jan sa da hira don in ji inda yake yau. Wani lokacin yana kan hanyar kai yara makaranta, wani lokacin yana layin wankin mota.

Matata ta yi iya ƙoƙarinta, amma ita ma aiki take yi a wani kantin magani. Ana nan sai ya sami ɗan shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, amma haɗiya ta yi masa wuya, ruwa ma sai ya sarƙe shi. Likitan ya ce yanzu yana buƙatar wanda ya san aikin a kusa da shi kowane lokaci, doguwar tafiya a jirgi kuma ba ta taso ba tukuna.

Na kira mahaifiyata na faɗa mata ana maganar gidan kula da tsofaffi. Sai ta ce, “Kaya ake kaiwa ajiya, ba mutum ba. Ka kawo mini ƙanina.” Ita da ta girme shi, gwiwa ta hana ta ko zuwa masallacin unguwa. Na yi mata bayanin likita, ta ce ta ji, amma ban ji alamar ta yarda ba.

Mama ce ta aiko a kira ni. Na same ta a falo da carbi a hannu, ta ce ’ya’yanta za su tsaya a kan komai, ni dai in nemo wuri. Da na tashi tafiya sai ta ce ba ni kaɗai zan nema ba, da ita za a je. Na nuna mata wahalar hawa da sauka. Ta ce, “Babu asibitin da bai kai ni ba, babu gidan makokin da bai jira ni a ƙofarsa ba. Wannan ni zan kai shi. Khalas, magana ta ƙare.”

Haka muka fara yawo mu uku, ni a sitiyari, Mama a baya, Kawu a gefena yana faɗa mini in rage gudu, akwai mace a mota. Ban taɓa shiga irin waɗannan gidaje ba. A garinmu tsoho yana zaure ko yana ɗakinsa, jikoki na shiga suna fita. Don haka na shiga da ido a buɗe kamar baƙauye a birni.

Na farko wani dogon bene ne mai sheƙi, ka rantse otal ne. Ƙamshi ko’ina, esi na busawa, ma’aikata na tafiya ba a jin takunsu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina ƙofar fita ce a sashen masu mantuwa. An yi mata zane kamar kantar littattafai, don kada mazauna su gane ƙofa ce su yi ta ƙoƙarin buɗewa. Na tsaya ina kallo, na kasa yanke hukunci ko dabara ce ta tausayi ko yaudara. Jami’in da ke zagayawa da mu ya ce tun da aka yi zanen, kuka ya ragu. Na yarda da shi, amma na yi ta tunanin mutumin da ya yi rayuwarsa yana buɗe wa mutane ƙofa, a ce ya zauna inda ba ya ganin ko ɗaya. A lifta kuma Kawu ya ga kansa a madubi, ya yi wa tsohon sallama, da bai amsa ba sai ransa ya ɓaci, ya riƙe hannuna gam har muka sauko.

Na biyu yana jikin wani asibiti, kuma shi ya fi kwanta mini. Likita na nan ba dare ba rana, akwai masu koyar da haɗiya, kowane gado da na’urorinsa. Yawancin mazaunan a kwance suke. Na yi ta jero tambayoyi a kan suga da allura, ana ba ni amsa mai gamsarwa. Mama tambaya ɗaya ta yi: in mutum yana son ya ga rana, ina zai je? Aka nuna mata taga.

Na uku wani tsohon gida ne mai faɗi da aka mayar wurin jinya, fentinsa ya fara kwailewa, mutum biyu a ɗaki. A tsakar gidan akwai bishiyar kurna, irin tamu sak, na ɗauki ɗaya daga ’ya’yan da suka zubo na ɗanɗana don in tabbatar. Shugabar nas-nas ɗin ’yar Sudan ce. Na tambaye ta me za su yi in Kawu ya tashi ya ce zai je ya jira maigida. Ta ce ba sa musu da su. Akwai benci a inuwa daga cikin get, kusa da inda motar gidan ke tsayawa, in rana ta yi sanyi sai wani ya zauna da shi a can. Ta nuna mini wani dattijo da ke jera kwalayen sabulu a kan tebur, ta ce ɗan kasuwa ne a da, kowace safiya sai ya buɗe shago. Likita kuwa zuwa yake yi, ba ya kwana, in abu ya yi tsanani sai an kira motar asibiti. Wannan ya tsaya mini a rai.

Muka rabu biyu, ni ina na biyu, Mama tana na uku. Matata ce ta ce mu duka mun je kallon gini, alhali matsalar Kawu cin abinci ce, mu koma lokacin abincin rana mu gani. Muka koma duka biyun. A na asibitin an ba shi abinci daidai, cikin tsabta da sauri, ya karɓi kaɗan ya kau da kai, aka ce in ya ci gaba da haka akwai robar da ake sakawa ta hanci. A gidan kurnar aka zaunar da shi a tebur tare da sauran maza, aka kawo wani abu mai kauri kamar kunu. Wata nas ta miƙa cokali, ya rufe baki, yana ta kallon Mama da ke zaune a gefe. Nas ɗin ba ta matsa masa ba, ta ajiye cokalin tana jira. Mama ce ta gane. Ta ce ai ba ya ci sai ta ci, haka yake tun da. Ta sa aka kawo mata wani cokalin, ta ɗebi abin nan marar gishiri ta kai baki, ta yamutsa fuska, ta ce masa, “Yalla, na ci.” Ya buɗe baki. Nas ɗin ta tambaya ko yana yarda wani ya tsaya a madadin Mama. Ba mu sani ba. Daga baya aka gano in aka ce masa Mama ta riga ta ci, ya wadatar.

A nan muka tsaya. Ranar da muka kai shi na shirya wa kuka da riƙe riga, amma da na yi masa sallama sai ya ce in gyara fakin, na bar motar a rana.

Makonnin farko ba su yi daɗi ba. Ya rame, ya ɓoye takalman abokin ɗakinsa a ƙarƙashin katifa, ya taɓa kai wa wani nas duka da sanda. Sau ɗaya sugansa ya faɗi aka garzaya da shi asibiti, na tsaya a bakin gadonsa ina tambayar kaina ko da na dage a kan ra’ayina da hakan ba ta faru ba. Har yanzu ban san amsar ba. Sannu a hankali dai ya zauna. Abokin ɗakin nasa wani tsohon matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Yaman, shi ma mantuwar ta ci shi. Nakan same su a ƙarƙashin kurna suna hira, wannan yana maganar iska da teku, wancan yana maganar tayar da ta yi faci, kowa na gyaɗa wa ɗan’uwansa kai, ba wanda ke katse wani. Ranar Juma’a mutanen Fereej Abdel Aziz sukan zo bayan masallaci. Su suka kawo tuwo mai laushi da miyar kuka, shugabar nas ta juya miyar da cokali, ta ga yauƙinta da kaurinta, ta ce wannan ba zai sarƙe shi ba. Ta ma nemi a koya wa mai dafa musu abinci.

Bayan wani lokaci da gwiwar ta ɗan yi sauƙi mahaifiyata ta je Umara, na shirya mata ta biyo ta Doha. Daga filin jirgi ta ce a wuce da ita wurin Kawu. Ba ta gaishe da kowa ba sai da ta gama bincikenta. Ta shinshina matashin kai, ta sa ni na leƙa ƙarƙashin gado, ta duba bayan kunnensa da tsakanin yatsun ƙafarsa. Shi kuwa yana ta ƙoƙarin tashi ya ba baƙuwa kujera. Sai ta zauna a bakin gadon ta kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi suna yara, wanda ni ban taɓa ji ba.

Ya ɗago kai ya ce, “Na’am, Yaya.” Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ta da Larabci ina za a kai ta.

A mota, da muka kusa gida, ta juyo ta dube ni. Ta ce ita har gobe ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya tsufa a hannun bare ba, amma ba ta ga datti a jikinsa ba, sai dai dugadugansa sun yi kaushi, akwai man kaɗanya a jakarta. Sauran kwanakinta a can ta yi su. Da safe in sauke ta, da yamma in ɗauko ta. Wata rana na same su ita da Mama a kan bencin get, babu mai jin harshen wata, suna shan gahawa, Kawu a tsakaninsu yana gyangyaɗi. Na tambaye ta me suke tattaunawa. Ta ce ciwon gwiwa.

Ta koma gida kafin azumi. Kawu yana nan, ƙafar ta ƙara rauni, yanzu a keke ake tura shi zuwa inuwa. Hausar ma ta ragu, Larabcin ya ragu. Ina zuwa duk Alhamis in na tashi daga aji, in yanke masa farce, in riƙa wa mahaifiyata waya ta gan shi ta yi masa addu’a.