Rufin da Baturen Norwe Ya Zana wa Inna

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe shekarar da na gina wa mahaifiyata ɗaki mai siffar coci ba.

Lokacin ina magini a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Muhandis ɗin, wato injiniyan da ke kanmu, wani dattijon Bature ne ɗan ƙasar Norwe. Shekara talatin ya yi yana zana coci-coci a ƙasarsu, sai da ya yi furfura aka kawo shi zana ɗakunan ajiyar kaya. Mutumin kirki ne, Larabcinsa dai sai a hankali.

Wata rana na yi suɓutar baki na gaya masa zan gina wa Inna ɗaki kafin Hajji. Ƙannenta mata na tafe daga Kano, ta kuma rantse in ba ta sami inda za ta sauke su ba, gidan wana za ta koma. Ni da wan nan nawa kuwa tun muna yara muke takara a kanta. Kwana uku sai ga muhandis da takarda a naɗe. "Mu'allim, kyauta," in ji shi, baki har kunne, don haka ake kiran babban magini a can.

Ina buɗewa na ga zanen ɗakin ne. Rufi ne mai tsini ya miƙe sama, ga ƙatuwar tagar gilashi tana kallon rana. Ya ce a ƙasarsu don ƙanƙara ake tsinin, amma shi hannunsa bai saba da rufi a kwance ba. Tagar kuwa, wai haske rahama ne. Ni da aka haifa a bayan unguwar Bab Makka ta Jidda na san a saman ɗaki ake shanya, a nan baƙi ke kwana in zafi ya matsa. To amma da wane baki zan ce wa dattijo kyautarsa ba ta yi ba? Na ce masha Allah, na gina, na rufa da kwano.

Inna ta shiga, ta fito tana fifita da mayafi. "Kai, tanderu ka gina mini? Ƙannena fa, ratayewa za su yi a tsinin nan kamar jemagu?" Maƙwabta suka sa wa ɗakin suna kanisa, wato coci da Larabci. Na ga ta fara ɗaure kayanta za ta koma gidan wana. Can ta ce, "Kira mini Baturen in yi masa godiya."

Ya zo bayan azahar, da kwat da laktaya. Ta zaunar da shi daidai ƙasan tagar, ita ta koma inuwar bakin ƙofa tana miƙa masa shayi mai tururi. Kofi na farko ya yi jawur, na biyu ya tuɓe kwat. A na uku ya ɗaga hannu: "Halas, Hajiya, ya isa!"

"Yalla, sha," in ji Inna. "An ce mini haske rahama ne."

Ya yi dariya har da hawaye. Ya zaro fensir, ya durƙusa a tabarma yana tambayarta ta ina iska ke shigowa, baƙi nawa ne, ina take shanya. Sannan ya juyo gare ni: "Mu'allim, kai ka san duk wannan. Me ya hana ka faɗa mini?"

Mako guda muka sauke tsinin, muka zuba rufi a kwance, katako mai huji-huji ya maye gilashin. Inna ta kwance kayanta.

Tun ranar na gane cewa kunyar da ta hana ni faɗin gaskiya ba ladabi ba ce. Ta kusa raba ni da uwata, ta kuma kusa gasa mini muhandis.