Anti Ladi da ta hana ni cewa "da sauƙi"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu da safen nan ina dama wa 'yata Ummi koko aka kira ni wai Anti Ladi ta rasu. Hatsarin mota, a hanyar Gaya.

Ku yi haƙuri, murya na ɗauka, ni ban yi boko ba.

Anti Ladi ma'aikaciyar asibiti ce, ita ke zuwa duba mu Kademi. Da likitocin Kano suka ce dajin nonona ya bazu, sai dai a riƙa rage min raɗaɗi, ita ta sa min wani abu a waya. Fuskoki ne biyar, daga mai dariya har mai kuka. Kullum in danna wadda ta dace da jikina, likita ya gani daga can, ya ce a ƙara magani ko in taho.

To ni sati uku mai dariyar nake dannawa. Babban likita guda ya tambaye ki jiki, ki ce masa ba sauƙi? Ai da kunya.

Ta zo ta tarar ko Ummi na kasa ɗauka. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ce, "Ke Hadiza, wannan fa ba surukarki ba ce. Ba gaishe ki take ba. Faɗa mata gaskiya."

Na yi dariya har da hawaye. A ranar aka canza min magani.

Ita ta zaunar da ni da Baban Ummi, likita yana cikin waya muna ganin sa. Ta ce kar wanda ya amsa a madadina. Aka tambaye ni, zirga-zirgar Kano ko gida? Na ce gida, kusa da 'yata.

Talatar nan ma ta zo, har ta tsefe wa Ummi kai.

Da na ji rasuwar, Allah ya yafe min, kaina na fara tunawa. Wa zai kula da ni? Na danna mai kuka. Ban gama ba Ummi kokon ba wata ta kira, muryarta a dishe. Wai abokiyar aikin Anti Ladi ce, Anti ta daɗe da ba ta bayanina. Jibi za ta zo.

Allah ya jiƙan Anti Ladi, ya sauƙaƙa mata yadda ta sauƙaƙa min. Don Allah duk wanda ya ji muryar nan ya yi mata addu'a, ya haɗa da ni da Ummi.