Shafi na Ɗari Biyu

A wani shagon shayi a birnin Lahore inda ita da abokanta suke wasan ƙirƙirar labari, kowa da jaruminsa, Mehwish tana hararar baƙon da ya shigo yau. Ƙaton littafin dokokin wasan yana cinyarsa, ba ya buɗe shafi sai ya lashi yatsa. Da ganinsa, ko 'ya'yansa sai da hujja suke dariya.

Jarumar da Mehwish ta shekara uku tana raino a labarin ta tsallake rami sanye da sulke, dodo mai aman wuta na bin ta.

Baƙon ya ce, "Da sulke mai kilo talatin, ƙanwata? Ba a taɓa yi ba. Ta mutu."

Mehwish ta ce, "To Yaya, dodo mai aman wuta fa, a ina ka taɓa ganinsa?"

Ya lashi yatsa, ya buɗe littafin.

"Shafi na ɗari biyu."