Lungun Kakata a Jarwal

Jiya a wani shago a unguwar Kudai, nan Makka, na ga hular inji mai irin zanen da kakata take yi da allura. Sai na kasa wucewa.

Yaƙin Chadi ne ya koro su Kaka, suka bi ta Sudan har Makka. Da hankali ya kwanta, lungunsu a unguwar Jarwal ya cika da masu sana'ar hannu: masu ɗinkin hula, masu zayyanar allo, dukawa, da mata masu waƙar biki. Ƙanshin turaren wuta da na sabuwar fata ba ya barin wajen. Takan ce, "Mun ga ƙonewa da yawa, shi ya sa muke son abu mai kyau."

Bayan an rushe lungun mun koma unguwar Ka'akiyya, wata rana ta ce in kai ta ta gani. Muka tsaya gaban wani dogon otal, motocin alhazai suna ta hon. Ta daɗe tana waige-waige.

"'Yar nan, ta ina ƙofarmu take?"

"Wallahi, Kaka, ban gane ba."

Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaƙi ma ya bar mana kango. Mu tafi."

Daga ranar ba ta sake ɗaukar allura ba. Abokan sana'arta duk sun watse, 'ya'yana kuma ko waƙoƙin ba sa fahimta.

Allah ya jiƙanki, Kaka, ya ba ki gidan da ba a tashin kowa.