Marmaron Da Na Mayar Bazara

Ana idar da sallar asuba muka bar Yola, ni da direba da wata injiniyar ruwa 'yar ƙasar Sifaniya, muka miƙi hanyar Mubi. Ni ne tafintanta. Ga waɗanda ba su sani ba, shekara tara na yi ina ɗinki a Malabo, can na tsinci Sifaniyanci a bakin masu kawo mini yadi. Tun da na dawo gida ban sami abokin hira da harshen ba sai wannan karon. Murna kam ba a magana. Tun daga Girei na buɗe baki ban rufe ba, har sai da baiwar Allah ta roƙe ni in bar ta ta kalli hanya.

Hanyar kuwa ta isa kallo. Daga Song duwatsu suka fara rakiyarmu, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera su da hannu. A Gombi muka tsaya karin kumallo, ƙosai da kunun gyaɗa. Baƙuwarmu ta dangwali yaji da ƙarfin hali, sai ga hawaye shar, direba yana ta yi mata sannu yana ƙunshe dariya. A Hong masu gyaɗa da mangwaro suka yi wa motar ƙawanya. Da suka hango farar fata, nan take farashi ya yi tsalle, sai da na sauko na yi ciniki da fushin ƙarya kafin ya dawo daidai.

Bari in faɗa muku abin da ya kai mu. Ƙungiyar da matar take wa aiki tana gyara wa ƙauyuka ruwan sha. Watanni biyu da suka wuce an turo mini wasiƙun da ƙauyuka suka rubuta da Turanci, na juya su zuwa Sifaniyanci ina zaune a shagona, da su ne aka zaɓi inda za a yi aiki. Akwai wani ƙauye gaba da Lamorde da aka ga ba ruwa ne damuwarsu ba, sai aka sa su cikin waɗanda za a nema wa irin shuka. Can za mu fara zuwa ta yi musu albishir.

Mun shiga Mubi da azahar, rana tana dukan tsakar ka. Gari ne mai rai! Keke Napep ta ko'ina, tireloli maƙare da shanu suna fitowa daga kara, kuma a tsaye guda sai ka ji Fulatanci da Gude da Kamwe da Hausa duk suna tashi. Na ce wa baƙuwar nan garin tafintoci ne, mai sayar da tumatir ma ta fi ni harsuna. A unguwar Lokuwa muka sauka. Tuwon masara da miyar yakuwa da muka ci a wurin wata mata kusa da masaukin, har yau ina santinsa.

Washegari da hantsi muka isa ƙauyen, a gindin wani dutse. An share ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an jera benci. Ga mai unguwa, ga malamin firamare da ya rubuta wasiƙar, ga mata cike da wurin, kusan kowace da bokiti a gefenta. Injiniya ta miƙe ta yi bayanin irin masara mai saurin nuna, ni kuma ina fassarawa da murya sama, har da ɗaga hannu. Na gama, ina jiran tafi. Babu wanda ya tafa.

Can sai wata dattijuwa ta gyara ɗaurin kallabinta ta dube ni.

"Malam, iri muna da shi. Mu ruwa ne muka rubuta. Baturiya ɗin bai karanta ba?"

Malamin firamare ya zaro kwafin wasiƙar daga aljihu ya miƙo mini. Ina karantawa na gane inda aka yi kuskure. Ya rubuta cewa *spring* ɗinsu yana makara wajen zuwa, kuma yana saurin ƙarewa. Ita wannan kalma a Turanci fuska uku gare ta. Tana nufin lokacin da ganye ke tohowa a ƙasashen sanyi, tana nufin ƙarfen nan mai lotsawa na cikin kujera, tana kuma nufin marmaro, ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Sifaniyanci bai yarda da wannan haɗin gambiza ba, kowanne da sunansa. Ni a shagona na ɗauka bazara suke kuka da ita, watau ruwan shuka yana yi musu latti, sai na rubuta *primavera*. Abin da ya kamata in rubuta shi ne *manantial*. Marmaronsu ne ba ya tara ruwa sai rana ta ɗaga, kafin azahar kuma ya ƙafe.

Zan faɗi gaskiya, shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Duk taron nan ni kaɗai nake jin harsunan biyu. Da na ce Turancin malamin ne bai fita ba, babu mai ƙaryata ni. Na dubi malamin, ya sunkuyar da kai, da alama shi ma ya fara zargin kansa. Sai na ji ba zan iya ba. Na juya na gaya wa injiniya da harshenta cewa kuskuren nawa ne, sannan na maimaita wa jama'a da Hausa, don kowa ya ji.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ninke takardar irin masara ta sa a jaka, ta ce a kai ta ta gani.

Muka kama hawan dutse, mata a gaba, ni a baya ina haki. Marmaron yana tsakanin wasu duwatsu biyu, kofaton shanu ya dagula bakinsa, laka ta toshe rabin idon. Injiniya tana ganinsa ta cire takalmi ta shiga. Ta tona da hannu, ta kafa kwalba tana duban agogo, sai ga ruwa garau yana tsartuwa. Ta ɗago fuska duk laka tana dariya, ta ce ruwan yana nan da yawa, hanya kawai ya rasa. In aka gina masa akwatin siminti aka ja famfo zuwa ƙasa, zai wadaci ƙauyen. Ban taɓa jin daɗin fassara wata magana kamar wannan ba. Kafin in rufe baki guɗa ta tashi, har tsuntsaye suka watse.

Sai dai akwai saura. Siminti da bututun wannan rani an riga an raba wa ƙauyukan da aka zaɓa, ba za ta ƙwace wa wani ba. Nasu sai bayan damina. Wannan ma ni na faɗa musu, murya ƙasa-ƙasa.

Dattijuwar nan ta ɗebo ruwan a ƙwarya ta miƙo mini. Na sha, sanyi har cikin ƙashi.

"Mama, ki yafe mini," na ce.

"Ba komai, ɗana, mun saba hawa. Amma in za ka sake rubuta mu, ka zo ka gan mu tukuna."

Kwana uku muka ƙara muna zagaya sauran ƙauyukan har Mayo Bani, kuma alhamdulillahi sauran wasiƙun ban yi musu ɓarna ba. Mun dawo Yola lafiya, da buhun gyaɗa da labari mai yawa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sanin harshe bai isa ba sai ka san abin da ke damun mai magana. Yanzu duk kalmar da na ga tana da fuska biyu, sai na kira wanda ya rubuta na tambaye shi. Famfo zai zo ƙauyen nan in Allah ya yarda, kuma ranar zan koma ko da kuɗin motata ne. Amma daga yau har damina ta wuce, matan nan za su ci gaba da hawa dutse da bokiti a ka, kuma na san hannun wanda ya jawo musu.